Tambaya: tsohon fim ɗin soyayyar nan na Assam da ya sa mai gidan hayata kuka, wa ya san shi?

Baƙuwar Guwahati ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina laɓe a zauren nan ina karanta muhawararku a kan finafinan Indiya, ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abu ya ishe ni, dole in yi tambaya.

Watana biyar ke nan a Guwahati, jihar Assam, can ƙuryar arewa maso gabashin Indiya, ina karatun digiri na biyu. Ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, sai na kama haya a saman benen wata tsohuwa, rupi dubu shida duk wata. Kowa a gidan Aita yake ce mata, wato kaka, ni ma na bi sahu. Turancinta bai taka kara ya karya ba, ni kuma ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai tun ina ƙarama bai tsinana min komai a wurinta ba, don ba shi take yi ba. Ranar da na tare na tafka wani kuskure da har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ga jarida a kan teburinta, na dubi rubutun, na ce wa jikanta, "Ashe ku yaren Bengali kuke yi?" Yaron ya fassara mata. Wallahi sai da ta ajiye kofin shayinta, ta dube ni sama da ƙasa, ta faɗi kalma ɗaya tak, sunan yarensu na Assam: "Oxomiya." Harafin nan na biyu daga maƙogwaro take fito da shi, kamar kha ta Larabci. Kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile.

To, daren Juma'ar da ta wuce ana ta tsuga ruwa, irin ruwan garin nan da bai san ya isa ba, sai ta aiko jikan ya kira ni ƙasa. Na tarar ta zauna a gaban talabijin, ta miƙo min tamul a kan wani farantin tagulla mai ƙafa. Tamul shi ne goronsu, ana naɗe shi a ɗanyen ganye da ɗan farar ƙasa, kuma baƙo ba ya ƙin karɓa. Na karɓa, na ɗan gutsura, nan take kaina ya sara, sauran na tura cikin jaka. Yaron ya haɗa wayarsa da talabijin ya sa mana wani tsohon fim. Hoton ya dusashe, sautin yana ta shuu kamar ana suya a maƙwabta, fassara kuwa babu ko ta Turanci.

Da ido na bi labarin. Gonar shayi ce, mata sun bazu a cikinta da kwanduna a baya suna tsinkar ganye. Akwai Bature, da alama shi ne mai faɗa a ji a wurin. Akwai wata yarinya cikin masu tsinkar, idonsa ya faɗa kanta. Daga nan kun san sauran, sai dai ƙarshensa ba irin na finafinan da muka saba ba ne da ake tashi ana murna. Amma ba labarin ne ya hana ni barci ba, waƙoƙin ne. Akwai wata da namiji ya rera, murya mai kauri, ba gaggawa, ba kwarmato, kamar babban mutum ya zaunar da kai yana yi maka magana bayan isha. Tana farawa Aita ta rufe ido tana bin ta da leɓe, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Kalma ɗaya na iya kamawa don ana ta maimaita ta, "bideshi", ita kuma a bakinta "bidexi" take fitowa. Yaron ya ce ma'anarta baƙo, mutumin wata ƙasa. Sai Aita ta nuna Baturen, ta juyo ta nuna ni, ta yi dariya da hawayenta.

Yaron ya faɗi sunan fim ɗin da sauri, "Memsaab" kawai na riƙe, ga shi ya koma makarantar kwana. Don Allah wa ya san shi? Wane ne mai muryar nan? Me ya sa kiɗan bai yi kama da na finafinan Indiya da muka tashi da su ba? Sannan akwai rawar da matan gonar suka yi, na ɗauka Bihu ce, rawar bikin bazara ta mutanen Assam, amma na ga Bihu da idona a watan Afrilu a wani fili kusa da mu, kuma wannan ba ta yi min kama da ita ba.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tuna min da shekaru huɗun da na yi a garin nan ina fama da ruwa da sauro. Fim ɗinki Chameli Memsaab ne, na 1975. Abdul Majid ne ya ba da umarni, an ɗauko labarin daga wani gajeren ƙirƙirarren labari na Nirode Choudhury, George Baker ne ya fito a Baturen. Chameli sunan yarinyar ne, kuma sunan furen yasmin ne. Memsaab kuwa shi ne abin da barori suke kiran matar Bature a zamanin mulkin mallaka. Kin ga tun daga sunan an haɗa abu biyu da a wancan lokacin ba sa zama inuwa ɗaya: sunan 'yar lebura da laƙabin uwargidan Bature.

Mai muryar Bhupen Hazarika ne, shi ya tsara kiɗan fim ɗin gaba ɗaya, kuma da shi ya ci kyautar ƙasa ta Indiya ta gwarzon mai tsara kiɗan fim. Shawara ta farko: kada ki sake ki tambayi ɗan Assam wane ne Bhupen Hazarika, zai fi maganar Bengali ɗin nan zafi. An haife shi a Sadiya a 1926, ya rasu a Mumbai a Nuwamban 2011. Yana yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha uku ya yi waƙa a Indramalati, fim na biyu da aka taɓa yi da yaren, a 1939. Na farkon shi ne Joymoti na 1935, duka biyun aikin Jyoti Prasad Agarwala ne, wanda shi ma ɗan gidan masu gonar shayi ne, a gonarsu ma ya kafa wurin ɗaukar fim ɗin. Wato dai tun ran gini tun ran zane, shayi da fim da waƙa a tare suka taso a jihar nan.

Hazarika ya je Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia, ya gama a 1952. A can ya haɗu da Paul Robeson, mawaƙin nan baƙar fata mai gwagwarmaya, kuma ya ɗauko wani abu daga wurinsa da bai rabu da shi ba har ya mutu. Robeson yana da waƙar da ya shahara da ita a kan kogin Mississippi, shi kuma ya dawo gida ya yi tasa, yana tuhumar kogin Brahmaputra da ya ratsa Assam, yana tambayarsa yadda yake iya wucewa shiru alhali yana jin kukan talakawan da ke gaɓarsa. In kin fahimci wannan kin fahimci muryar da kika ji. Mutumin ko waƙar soyayya zai yi, sai ka ji akwai wani a gefe da ake tausaya wa. An ba shi kyautar Dadasaheb Phalke ta 1992, mafi girma a harkar fim a Indiya, aka ba shi Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma ta farar hula a ƙasar, a 2019 bayan ransa. Doguwar gadar nan ta Dhola zuwa Sadiya da aka buɗe a 2017, mai tsawon kilomita tara da ɗoriya, sunansa aka sa mata. In kin bi ta Jalukbari kusa da jami'a za ki ga wurin tunawa da shi, a nan aka yi masa jana'iza irin tasu.

Dalilin da kiɗan bai yi miki kama da na Mumbai ba, su can an saba tara taron makaɗa, goge-goge rututu, komai ya cika ya batse. Shi kuwa daga waƙoƙin mutanen ƙasar yake ɗiba: na masu kwalekwale, na masu noma, na 'yan gonar shayi. Kalmomin ne a gaba, kiɗa yana biye kamar ɗan rakiya. Shi ya sa ko ba ki ji yaren ba kika ji kamar magana ake yi miki.

Maganar Bengali kuwa, ki yafe wa Aita, tsohon miki kika fama. Turawan Ingila sun karɓi Assam a 1826, a 1836 suka ɗora yaren Bengali a kotuna da makarantu, sai a 1873 aka dawo wa mutane da nasu. Kusan shekara arba'in ana koya wa 'ya'yansu cewa yarensu wani karkataccen reshe ne na yaren maƙwabta. Rubutun kusan ɗaya ne, haruffa kamar biyu ne suka raba su, don haka kuskurenki kowane baƙo yana yin sa, ni ma na yi. Masu yaren sun kai miliyan 15 a ƙidayar 2011, kuma a Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin tsofaffin harsunan ƙasar masu daraja ta musamman.

Rawar da kika gani kuwa idonki bai yaudare ki ba, ba Bihu ba ce, Jhumur ce, ta mutanen gonar shayi. Su asalinsu ba 'yan Assam ba ne. A ƙarni na 19 Turawa suka riƙa aika dillalai yankin Chota Nagpur, wuraren da yau ake kira Jharkhand da Odisha da kewaye, suna yi wa mutane romon baka suna kwaso su zuwa ƙwadago. Da yawa sun mutu a hanya, waɗanda suka iso kuma ba su da damar komawa. Jikokinsu ne suke tsinkar ganyen har yau, suna da yarensu na Sadri, kuma tsofaffin waƙoƙinsu cike suke da ƙorafin dillalin da ya yaudare su. To kin ga a fim ɗin ba Baturen kaɗai ne bideshi ba. Ita ma Chameli kakanninta baƙi ne.

Baba Mai Kaset ya amsa:

'Yata, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Ni na fi shekara arba'in ina kallon finafinan Indiya, kuma ina alfahari da cewa ba a kawo sunan mawaƙi in kasa faɗin fim ɗinsa. Yau yaron nan Tsohon Ɗalibi ya ƙure ni. Da na ga sunan Bhupen Hazarika sai na ji kamar na san shi, na je na tono akwatin kaset ɗina. Ashe shi ne ya yi kiɗan Rudaali na 1993, wanda Dimple Kapadia ta fito a matar da ake haya ta yi kukan mutuwa. Waƙar da Lata Mangeshkar ta rera a ciki na saurare ta sau ba adadi, kullum ina cewa wannan ba irin kiɗansu ba ne, akwai wani abu a ƙarƙashi. Ashe daga can aka ɗebo ruwan.

Amma ina da ja a kan labarin, kuma ku yi haƙuri da tsoho. Ban ga fim ɗin ba, da abin da kuka faɗa nake magana. Mutum shi ne manaja, shi ke biyan lada, shi ke kora, ɗan sanda ma nasa ne. Yarinya tana tsinkar ganye a ƙarƙashinsa, uwarta da ubanta a ɗakin kamfani suke kwana. Ya ce yana son ta. To in ba ta so fa, ina za ta kai ƙara? Ni a wurina soyayya sai tsakanin mutum biyun da kowannensu zai iya cewa a'a ya kwana lafiya. Kura ta ce tana son akuya, ai ba a tambayar akuya ra'ayinta. Tsoron da nake yi shi ne daɗin waƙa ya sa mu manta da wannan. Na sha ganin haka: a ɗauko zalunci a lulluɓe shi da sarewa, mu fito daga sinima muna tausaya wa wanda ya kamata a tuhuma. Kuma 'yata, ki lura, ke ma kin ce lokacin da kakar nan take kuka Baturen ta nuna, ba yarinyar ba.

Ɗan Sarewa ya amsa:

Baba, a gafarce ni, ni ba zan shiga shari'ar ba, kiɗan zan taɓa don shi ne sana'ata.

Yaya, hanya mafi sauƙi ta raba Bihu da Jhumur ita ce ki rufe ido ki saurara. A Bihu ganga ce mai suna dhol take jan ragama, da sanda a hannu ɗaya da tafi a ɗayan, tana ta ƙara wuta. Sai pepa, ƙahon ɓauna ne da aka sa wa bakin kara, kukansa siriri ne mai huda kunne, in kin ji shi sau ɗaya ba za ki sake ɓata shi ba. Akwai toka, gora ce da aka tsaga ana kaɗa ta tana tafi. Akwai kuma gogona, wanda da na fara ganinsa a bidiyo sai da na yi ihu, don bambaro ne sak, sai dai nasu na gora ne. Ana kama shi da baki ana kaɗa gefensa da yatsa, 'yan mata har soke shi suke yi a gashi in ba sa busawa. Masu rawar Bihu kowa da filinsa, hannu a bayan ƙugu, jiki yana karyewa da sauri. Rawar bazara ce, ta samari da 'yan mata, kuma waƙoƙinta yawanci zance ne ake yi a fakaice. A Afrilun 2023 sun tara masu rawa da makaɗa fiye da dubu 11 a filin wasa na Sarusajai a nan garinku, suka shiga kundin Guinness.

Jhumur kuwa madal ce gangarta, da tafin hannu ake bugun ta gefe biyu, sautinta yana da zurfi, a ciki kake jin sa kafin kunne. Mata suna jeruwa, kowacce ta riƙe ƙugun 'yar'uwarta, fararen zannuwa masu jan baki, su yi gaba tare su dawo tare kamar igiyar ruwa. Ba wadda take ficewa ta nuna tata bajintar. Ni a ganina rawar mutanen da suka san cewa in suka saki juna sun shiga uku ce.

Abin da ya burge ni da Hazarika, ya san bambancin nan kuma ya kiyaye shi. Da wani ne, tunda fim na Assam ake yi, sai ya zuba Bihu ko'ina don ita ce kowa ya sani. Shi kuwa ya bar mutanen gona da nasu amon. Wani abu kuma, yawancin karin waƙoƙin gargajiyar yankin a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa kunnenmu yake saurin karɓar su, ba ma jin su baƙi sosai.

In kina son ki ji wani abin mamaki, ki nemi Zikir. Waƙoƙin ambaton Allah ne da yaren Assam, na wani bawan Allah da ake kira Azan Fakir, wanda aka ce daga Bagadaza ya zo a ƙarni na 17. Ya ɗauki karin waƙar mutanen gari ya zuba tauhidi a ciki. Har yau ana rera su.

'Yar Zamani ta amsa:

Kai, duk kun tsaya a 1975 kamar an ɗaure ku! Anti, na tabbata kin ga hoton wani mutum a jikin shaguna da bayan motoci a duk inda kika juya a garin nan. Zubeen Garg ke nan. Ku da kuke ganin ba ku san shi ba, kun san shi: shi ya rera Ya Ali a fim ɗin Gangster na 2006, wadda aka yi shekara ana damun mu da ita a waya. Mu a waje waƙa ɗaya muka san shi da ita, a gida kuwa shi ne komai. An haife shi a 1972, ya fito da kundinsa na farko a 1992. Lokacin da finafinan Assam suka kusa durƙushewa, mutane sun koma na Mumbai, Hiya Diya Niya na Munin Barua ya fito a 2000, fim ɗin soyayya na matasa da kiɗan Zubeen, shi ya dawo da jama'a sinima.

Ya rasu ranar 19 ga Satumban 2025 a Singafo, a cikin teku, yana da shekara 52. Ni a Facebook na bi abin, kwana huɗu ban yi aikin kirki ba. Tun daga filin jirgi har cikin gari ba masaka tsinke, shaguna a rufe, maza manya suna kuka a titi. Kuma ba taken jiha suke rerawa ba, ba waƙar addini ba, wata waƙarsa ta soyayya ce daga wani fim na 2001, wadda ya taɓa cewa ita yake so a rera in ya mutu. Fim ɗinsa na ƙarshe, Roi Roi Binale, ya fito ranar 31 ga Oktoba, sati shida bayan rasuwarsa, ya fito a makahon mawaƙi. Tun kafin asuba aka fara nuna shi a wasu gidajen sinima saboda cunkoso.

Don haka kukan Aita bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Mutanen nan waƙar fim a wurinsu ba ta cikin fim take zama ba, fitowa take yi ta bi su gida. Ki tambayi jikan, na ci amana in bai haddace na Zubeen kamar yadda kakarsa ta haddace na Hazarika ba.

Tsohon Ɗalibi ya sake amsawa:

Baba, maganarka dutse ce, ba zan iya ɗaga ta ba. Na taɓa bin wani abokin karatuna gidansu a wata gona kusa da Jorhat. Gidan manaja yana can kan tudu da baranda da furanni, ɗakunan leburori suna jere a ƙasa kamar akurki, kuma wannan shekaru da yawa bayan tafiyar Turawa. Assam ce take ba da kusan rabin shayin Indiya, amma a 2023 da gwamnatin jihar ta ƙara wa masu tsinka ladan yini, rupi 250 ya koma a kwarin Brahmaputra. Sai dai in kare fim ɗin ta fuska ɗaya: bai ce auren da Baturen ya yi da Chameli ya gyara komai ba, a kan kowa ya rushe. Waƙar da ƙanwata ta kama ma ba yabon Baturen take yi ba, aboki baƙo mara sa'a take kiransa. Ko wannan ya isa ya wanke shi, ko kuwa shi ne ainihin lulluɓin da kake tsoro, ni kaina ina ta juya abin tun jiya.

Baƙuwar Guwahati ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Tsohon Ɗalibi, ka fitar da ni daga duhu. Baba, maganarka ta tsaya min a rai, har na kasa haƙuri na je na tambaye ta.

Jiya da yamma wata maƙwabciyarmu mai jin Turanci ta shigo, na roƙe ta ta yi min tafinta. Na fara da faɗin sunan fim ɗin da na mawaƙin, Aita ta tafa hannu kamar na ci jarrabawa. Sai na ce, "Aita, wa kike yi wa kuka, Chameli ko Baturen?" Ta yi shiru tana naɗa tamul, har na ɗauka na sake yin ɓaranɓarama. Can ta ce ba ko ɗaya. Ta ce mijinta akawu ne a ofishin wata gonar shayi, shekararsu ɗaya da aure ya ɗauke ta a keke zuwa sinima suka kalli fim ɗin, shi ne karonta na farko a sinima. A hanyar dawowa cikin duhu yana tuƙi yana rera waƙar, kuma muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan, har karnuka suka biyo su. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

Na ce to Chameli fa? Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce shekara ashirin ta yi a gonar nan, gidajen akawuna suna tsakiya, na Sahab, wato manaja, a sama, na leburori a ƙasa. Ba ta taɓa taka barandar Sahab ba, kuma ba ta taɓa shiga ɗakin lebura ba. Da dare takan jiyo gangarsu daga nesa, ta san lokacin bikinsu ya zo, shi ke nan. Ta ce akwai wata mata da ta yi shekara takwas tana kawo mata itace, ta yi ta ƙoƙarin tuna sunanta a gabanmu, ta kasa. Maƙwabciyar ta so ta canza zance, Aita ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba da lalube, tana kiran sunaye tana girgiza kai. Baba, ban san ko wannan ya amsa tambayarka ba.

Ɗan Sarewa, na rufe ido na saurara kamar yadda ka ce, na ji bambancin madal da dhol tun bugun farko. 'Yar Zamani, hoton da kike faɗa har a bangon kicin ɗin Aita akwai shi, kusa da kalanda, da wani farin ƙyalle mai jan baki rataye a kai, gamosa suke ce masa. Ni da na ɗauka wani ɗanta ne da ya rasu, shi ya sa ban taɓa tambaya ba.

Ta ce in sauko Juma'a mai zuwa, akwai wani fim ɗin, in jikan ya dawo hutun ƙarshen mako. Ta sa ni na maimaita "bidexi" sau bakwai, ta ce har yanzu kamar mai tari nake faɗa. Da zan hau sama ta kira ni, ta nuna jakata, ta miƙo hannu. Ashe tun ranar ta ga inda na tura tamul ɗin.